Kafin ka ƙure wa furosesa gudu, duba madabod da ram ɗinka tukuna

Sau nawa zan ga ɗan uwa ya tashi tun daga Agege ko Mile 12 ya sha go-silo har Ikeja, ya shiga Computer Village ya zuba kuɗinsa kaf a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai ɗan canjin da ya rage ya ce a ba shi kowane madabod (allon da ake ɗora dukkan kayan kwamfutar a kai), ya koma gida yana son yin obakulokin, wato ya sa furosesan ta yi gudu sama da yadda kamfani ya saita ta, abu ya ƙi. Wallahi abin yana damuna, don kuɗin nan da gumi aka same shi.

Fara da wannan. In Intel ka ɗauka, dole ta zama mai harafin K bayan lambarta (K, KF ko KS), irin su i5-12600K ko i7-13700K, kuma madabod ɗin ya zama na Z, wato Z690 ko Z790. Masu B660 da B760 za su bar ka ka ƙara wa ram gudu amma furosesan kanta a kulle take. Ɓangaren AMD da sauƙi, B450, B550, X570 a soket (ramin da furosesa ke zama) AM4, ko B650 da X670 a AM5 duk suna yi, ka dai kauce wa masu A irin A520 da A620.

To inda nake so mu tsaya sosai shi ne VRM. Ka ga ƙananan abubuwan nan da suka kewaye soket ta sama da hagu? Su ne ke karɓar wuta mai bolt 12 daga fawa (akwatin da ke ba kwamfuta wuta) su sauke ta zuwa bolt ɗaya da ɗan wani abu da furosesa ke ci. Kana ƙara gudu furosesa na ƙara jan wuta, su kuma suna ɗaukar zafi, in zafin ya kai wani mataki madabod da kansa zai rage gudun don ya ceci kansa, kai kana zaune kana mamakin me ya sa wasanka ke tsinkewa bayan minti ashirin. Mu nan Legas da rana muna digiri 30 zuwa sama, ga laima a iska, ɗakunan da yawancinmu ke haya kuma ba iska, don haka abin da Bature ya gwada a ɗaki mai sanyi ya ce ya wadatar, kai nemi wanda ya ɗara shi. Ɗauki madabod ɗin a hannu ka ji nauyinsa. A sami ƙarfen shan zafi mai kauri a kan VRM ɗin ta ɓangarorin biyu, in ka gan su tsirara ba komai a kai ajiye musu kayansu.

Ka kuma duba baya wajen ramukan USB ko akwai madannin goge CMOS, wanda ke mayar da saitin bayos (manhajar da ke cikin madabod) yadda ya zo daga kamfani, da na sabunta bayos ta filas. Duk mai wannan harka sai wata rana injin ya ƙi tashi, madannin goge CMOS ɗin ne zai fisshe ka. Kuma don Allah kar ka taɓa sabunta bayos ba UPS, in an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki za ka iya rasa madabod ɗin. Masu Intel zubi na 13 da 14 kuwa sabuntawar nan wajibi ce, a 2024 kamfanin ya fitar da gyara kan matsalar wuta da ke hawa tana lalata furosesa.

Sai ram. AM5 DDR5 kawai yake ci. Soket LGA1700 na Intel akwai madabod na DDR4 akwai na DDR5, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya, karanta kwali da kyau. Sayi guda biyu da suka zo a kwali ɗaya, 16GB biyu sun fi 8GB huɗu sauƙin saituwa, ka sa su a rami na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga furosesa. Kar ka yarda a haɗa maka ɗaya daga nan ɗaya daga can wai ai lambarsu ɗaya, na taɓa yarda da wani mai shago a kan haka, sati biyu injin yana mutuwa da kansa kafin na gano. Ga Ryzen 5000 ni DDR4-3600 CL16 nake ba mutane shawara, Ryzen 7000 kuma DDR5-6000 CL30, in ka haura nan kuɗi ne kawai ke tafiya. Shiga shafin kamfanin madabod ɗin ka duba jerin QVL, wato jerin ram ɗin da suka gwada a kansa, ko ram ɗinka na ciki. Kuma in ba ka kunna XMP ko EXPO (saitin da ke buɗe cikakken gudun ram) a bayos ba, gudun da aka rubuta a kwali ba za ka gan shi ba.

In tokumbo za ka saya, kunna tocilan waya ka leƙa soket ɗin, fil ɗaya ya lanƙwashe zai iya kashe maka ramin ram. Ka ce a kunna a gabanka kafin ka tura kuɗi, a rubuta maka kwanakin garanti a rasit. Ka isa gida ka bar MemTest86, manhajar gwada ram, ya kwana yana aiki daren da kake da tabbacin wuta, in gari ya waye ba kuskure ko ɗaya sannan ka fara ɗaga gudun furosesan kaɗan-kaɗan, 100MHz a kowane gwaji, manhajar HWiNFO a buɗe kana kallon zafi.