Darasi na 9: Ka duba gadon motar kafin ka karɓi aikin tirela

Wannan darasin na masu son aikin tuƙin babbar mota ne ta dogon zango, irin tafiyar da direba zai bar gida yayi sati biyu ko uku bai dawo ba. Yawancin masu neman aikin tambaya ɗaya suke yi, nawa ake biya, da an faɗa musu shikenan sai su sa hannu. Toh kuɗi kam dole a tambaya, amma akwai ɗan ɗakin nan da ke bayan kujerar direba, mai gado da labule, wanda a ciki zaka kwana ka tashi ka canza kaya ka ci abinci kwana da kwanaki, kuma kamfani ne yake zaɓa maka shi ba kai ba. Shi yasa nake so ka iya dubashi da idonka tun kafin ka amince.

Mu fara da gadon kansa. In kaje wajen kamfani ka roƙi a buɗe maka ɗaya daga cikin motocin da direbobi ke fita da su, ba wadda aka wanke aka ajiye don hoto ba. Ka cire takalmi ka hau ka miƙe. Kar kaji kunya, aikin da ya kawo ka kenan. Ƙafarka tana taɓa bango? In ka juya kafaɗarka tana bugun wani abu? Ka danna tsakiyar katifa da tafin hannu, in kaji katako ko ƙarfe a ƙasa toh ta mutu, kuma ka ɗaga ta ka shinshina don in ruwa yana shiga ta rufi ko ta taga anan warin danshi yake taruwa. A Amurka doka ta ce wurin kwanciya kada ya gaza inci 75 a tsawo da inci 24 a faɗi, wato wajen santimita 190 da 61, katifar soso kuma kaurinta ya kai inci 4. Wannan shine mafi ƙaranci, kuma faɗin inci 24 gaskiya ya yi kaɗan ga babban mutum, kamfanin kirki yana bada abinda ya fi haka. Ka tambaya ko suna sa sabuwar katifa in sabon direba ya karɓi mota.

Sai rufin. Akwai mota mai doguwar rumfa da zaka tsaya a tsaye ka sa wando, akwai mai gajera da sai a durƙushe. Rana ɗaya ba zaka damu ba, amma in an yi wata shida bayanka ne zai gaya maka. Motoci irin Freightliner Cascadia da Volvo VNL da Kenworth T680 a Amurka, da Scania da DAF da Mercedes Actros a Turai, kowacce tana zuwa da ƙaramin ɗaki da babba, don haka jin sunan mota kawai bai isa ba, ka tambaya wane irin ɗaki ne da ita kuma ta wace shekara ce.

Yanzu ga inda nafi so ka tsaya da kyau, zafi da sanyi bayan an kashe inji. Muddin kana tafiya esi na aiki hita na aiki, amma da ka faka don barci fa? Wasu direbobin sai su bar injin yana silo har gari ya waye, shi kuma babban inji yana shan wajen lita 3 na gas a kowace awa yana tsaye, shi yasa kamfanoni da yawa suka saita motocinsu injin ya mutu da kansa bayan ƴan mintuna, wasu wuraren ma doka ce, kamar jihar Kalifoniya inda minti 5 aka yarda. In kamfani ya hana silo kuma bai sa maka komai a madadinsa ba, kaga zaka kwana cikin gumi ko cikin ɗari, da asuba kuma ka kama sitiyari ido na lumshewa da lodi mai nauyin tan da yawa a bayanka. Abinda ake sawa shine wani ɗan ƙaramin inji a gefen mota kamar janareto, ko batura na musamman, su ke riƙe esi da wuta cikin dare, ga kuma ƴar hita ta gado mai shan gas kaɗan. Ka tambaya akwai su? In ance akwai, kace a kunna ka gani, sannan ka tambaya in sun lalace a hanya kwana nawa ake yi kafin a gyara. Ka kuma leƙa salansa da ƙasan ɗakin, don hayaƙin da ke kashe mutum cikin barci bashi da wari, yana da kyau a samu ƴar na'urar da ke ƙara in ya taru.

Firij, soket na caji, wurin rataye kaya, labule mai kauri da ke tare hasken fitilu, duk ka duba amma waɗannan masu sauƙi ne.

Wata tambayar da mutane ke mantawa, motar taka ce kai kaɗai ko karɓa-karɓa ake yi? A wasu kamfanonin da ka sauka hutu sai a ba wani, ka dawo a baka wata daban, kullum kana kwashe bargo da kaya, kuma baka san wanda ya kwana a gadon ba ko mai shan sigari ne. In kuma ku biyu za a haɗa kuna karɓar tuƙi, ka sani zaka yi barci ne mota na gudu, ba kowa ke iyawa ba, kuma ka tabbata gadon ƙasa yana da bel ko raga da ke tare mutum in an taka birki da ƙarfi.

Gado mai kyau ba zai amfane ka ba in ba a barka ka kwanta ba. Dokar Amurka ta ba direban kaya awa 11 na tuƙi cikin awa 14 na aiki, sannan hutun awa 10. A Tarayyar Turai awa 9 ne a rana, da hutun minti 45 bayan awa 4 da rabi, kuma tun 2020 dokarsu ta fito fili cewa babban hutun mako na awa 45 ba a cikin mota za a yi shi ba, kamfani ne zai biya masauki. Kowace ƙasa da tata dokar, ka nemi ta inda zaka yi aiki. Amma yadda kamfani ke bin ta, wannan daga bakin direbobinsu zaka ji ba daga ofis ba. Ka samu biyu ko uku a wurin fakin ka gaishe su ka tambaya: mai raba lodi yana bugo waya tsakar dare? In aka tsare ku awa biyar wajen sauke kaya ana biyan lokacin? Da aka ce zaku je gida duk sati biyu, ana cikawa?

Duk abinda aka yi maka alkawari da baki, ka nemi ka ganshi a takardar kwantiragi. Ka karanta a hankali layi layi, in akwai kalmar da ta fi ƙarfinka ka kai wa wanda ka yarda da shi ya karanta maka, musamman wajen da ake maganar kuɗin horo da zaka biya in ka bar aiki da wuri, ko wajen da aka ce za a riƙa cire kuɗin mota daga albashinka.

Aikin gida: ka ɗauki littafinka ka rubuta tambayoyi biyar da zaka yi wa kamfani game da ɗakin barcin mota, kowacce a layinta da alamar tambaya a ƙarshe. Sannan ka lissafa wannan, in inji yana shan lita 3 a awa yana silo, lita nawa zai sha cikin awa 10, kuma nawa ne a dare 6? Ka zo da amsar aji na gaba mu duba tare.