Yadda Ake Zaman Wata Biyu a Cape Coast Gishirin Teku Bai Cinye Ka Ba

Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ya san rairayi, amma bai san rairayin da ruwa ke duka dare da rana ba. Idan Allah ya hore maka hutun wata ɗaya ko biyu, ko aikinka irin wanda kwamfuta da intanet suka wadatar ne, Cape Coast da maƙwabciyarta Elmina a gaɓar tekun Gana wuri ne da Bahaushe zai zauna baƙunta ba ta dame shi ba. Akwai zango, akwai masallaci, akwai koko da ƙosai da sassafe. Sai dai zaman kwana uku daban, zaman wata biyu daban. Mai kwana uku yana bin jerin wuraren kallo ne a guje. Mai wata biyu kuwa dole ya koyi agogon garin, kuma agogon nan a hannun teku da masunta yake.

Fara da zaɓen wata

Babbar damina tana sauka ne daga Afrilu zuwa farkon Yuli, ta fi ƙarfi a Mayu da Yuni, sannan wata ƙarama ta biyo baya wajen Oktoba. Daga Disamba zuwa Maris rana ce tas, da ɗan hazon hunturu wanda ɗan arewa zai yi wa dariya. Amma Disamba watan baƙi ne. Tun da gwamnati ta yi shelar Shekarar Dawowa a 2019, jikokin bayi daga Amurka da sauran wurare ke cika garin a ƙarshen shekara, kuɗin ɗaki ya tashi.

Ni dai na fi son Agusta zuwa Satumba. Gari ya yi sanyi, gajimare ya rufe rana, kifi ya yi arha. Illarsa ɗaya, teku na yin fushi a lokacin. Ka kuma lura da bukukuwa biyu: Bakatue na Elmina a Talatar farko ta Yuli, da Fetu Afahye na Cape Coast a Asabar ɗin farko ta Satumba. In zamanka zai haɗa da su, kama ɗakinka tun da wuri.

Takardu da hanya

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, fasfonsa na ECOWAS ya ba shi har kwana 90. Duk da haka ka duba abin da jami'i ya rubuta a kan hatimin kafin ka bar gabansa, don abin da ke rubuce shi za a riƙe ka da shi. Katin rigakafin ciwon shawara wajibi ne. Ɗan Nijar ya tambayi halin da ake ciki kafin ya taso, tunda ƙasar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Ta mota, hanyar ita ce Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflao, sai Accra, wadda tsofaffin fatakenmu ke kira Ankara. Iyakoki uku ke nan, kowacce da nata jira. Daga tashar Kaneshie a Accra ka shiga motar Cape Coast. Tafiyar kimanin kilomita 150 ce, amma cunkoson Kasoa kaɗai zai iya cinye maka awa guda, don haka sammako ya fi. Mayar da agogonka baya da awa ɗaya.

Kada ka biya kuɗin ɗaki a ranar da ka sauka

Kama masauki na kwana uku kawai. A cikin kwana ukun nan, je zangon Kotokuraba ka yi sallar la'asar, ka gaisa da liman, ka ce baƙo ne kai daga wuri kaza, kana neman ɗakin wata biyu. Abin da dillali zai yi mako yana yawo da kai a kansa, wani dattijo zai warware shi da kiran waya ɗaya. Hausar da za ka ji za ta ɗan ba ka mamaki, domin a Gananci sau da yawa "ya zo" ake ce wa mace da namiji duka. Kar ka gyara wa kowa. Su ma taka Hausar suna jin ta wani iri.

Ka san cewa masu gidaje a Gana sun saba karɓar kuɗin shekara ɗaya ko biyu gaba ɗaya, ko da yake dokar haya ta 1963 ta tsaya a wata shida. Wannan ba naka ba ne. Abin da ya dace da kai shi ne ɗaki mai kaya a ciki, ko ka yi ciniki da ƙaramin gidan baƙi a kan kuɗin wata. In ba lokacin cika ba ne suna sauka sosai.

Kafin ka ce na kama, gwada abubuwan nan da kanka. Buɗe famfo ka ɗanɗana. In rijiya ce kuma kusa da gaɓa, sau da yawa zartsi ne, sabulu ba ya kumfa, shayi ba ya daɗi. Tambayi ko akwai tankin ajiye ruwa, ko mitar wuta taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka. Duba ko tagogin suna fuskantar juna, don iskar teku in ta samu hanyar wucewa ta fi fanka. Sannan ka dawo unguwar da daddare ranar Juma'a ko Asabar. Jana'iza a nan biki ne na ƙarshen mako, da rumfuna, da jan kaya da baƙi, da lasifika har tsakar dare. Na taɓa kama wani ɗaki ranar Laraba ina murnar shiru, ashe filin da ke bayan tagata nan ake kafa rumfunan.

Ola da Bakaano suna bakin ruwa, Abura da Pedu suna ciki, kusa da kasuwa da asibiti. Kowa yakan so ɗakin da zai buɗe taga ya ga teku. Na mako ɗaya ba laifi. Na wata biyu, gara mai tafiyar minti goma zuwa gaɓa, ga dalili.

Yaƙi da gishiri da raɓa

Mu 'yan busasshiyar ƙasa mun saba da cewa abin da aka ajiye yana nan yadda aka bar shi, iyaka ƙura. A bakin teku iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, kuma da gishiri a cikinta. Zif ɗin jaka zai cije, bakin caja ya yi kore, makulli ya yi tsatsa, takalmin fatar da ka sayo a Kurmi ya yi fumfuna fari fat cikin kwana goma a ƙarƙashin gado. Shaddar da aka buga ta sha sitaci za ta yi laushi kamar tsumma kafin azahar.

Saboda haka tun daga gida ka rage kaya masu nauyi. Yadi marar kauri, kala huɗu ko biyar, da shadda ɗaya ta Juma'a sun isa. Kada ka bar tufafi a cikin akwati, rataye su inda iska ke ratsawa, kuma duk ranar da rana ta fito ka baza su tare da katifa da darduma. Kwamfuta da waya ka riƙa goge su da busasshen ƙyalle, in ka gama aiki ka sa kwamfutar a jakarta ka zuge. 'Yan ƙullin nan masu shan raɓa da ake samu a kwalin takalmi, tara su ka zuba a jakar. Ɗan man kaɗanya ko bazilin a zif da makulli yana hana su cijewa.

Guzurin gida shi ne abin tausayi. Kilishi ka cinye shi a makon farko ko ka raba wa maƙwabta, ba zai kai wata ba. Yaji, kuka, kuɓewa busasshiya da daddawa su shiga kwalba mai murfi gam, kada cokali mai ruwa ya taɓa su. In ma sun ƙare, duk akwai su a kasuwar Kotokuraba.

Gidan sauro kuwa ba a shawara a kansa. Ɗaura shi daren farko. In zazzaɓi ya zo, a yi gwaji kafin a sha magani. Asibitin koyarwa na garin yana nan, mutane sun fi saninsa da Interberton, lambar gaggawa kuma 112.

Kuɗi da zirga-zirga

Sayi layi da fasfonka, ka buɗe MoMo, wato asusun kuɗi na waya, a ranar, don daga mai shago har mai tasi kusan kowa na karɓa. Ka canza kuɗi kaɗan-kaɗan. Wani abu da ke rikita baƙo: a 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, kuɗin Gana, amma har yau za ka ji wata tsohuwa ta ce maka dubu hamsin, alhali sidi 5 take nufi. Tasi na haɗaka ne sai in ka ce shata kake so, a-daidaita-sahu kuma sunansa Pragya. Miƙa kuɗi da dama, karɓa da dama, kamar a gida. "Medaase" ita ce na gode da Fante, yaren mutanen garin, kuma tana rage farashi fiye da yadda kake zato.

Ɗora ranarka a kan ta masunta

Nan ne zaman yake yin daɗi ko ya gundure ka. Rana tana fitowa wajen ƙarfe shida ta faɗi wajen shida kusan duk shekara, saboda haka bayan asuba kada ka koma barci. Sha kokonka a bakin titi, mai citta da kanumfari, wanda 'yan ƙasar da kansu ke kira kokon Hausa. Daga nan ka gangara inda kwalekwale ke sauka. A Elmina, mai nisan kilomita 12 ko 13 daga Cape Coast, tsaya a kan gadar bakin tafkin Benya ka ga jirage masu fenti da tutoci suna shigowa, mata da manyan kwanoni suna jira. Cinikin kifi a hannun matan nan yake. Zaɓi ɗaya ka riƙe ta. Sati na farko za ta sayar maka a farashin baƙo, sati na uku za ta ajiye maka mai kyau ta kuma ƙara maka gyara. Duba ido ya zama garau, cikin kunne ja, jiki da tauri. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar mutane hoto ba ka tambaya ba, suna jin haushin abin ƙwarai.

Ranar Talata ba a fita su. Al'ada ce tsohuwa a wannan gaɓa, ranar hutun teku ce, masunta na zaune suna ɗinkin taru. Don haka sayi na kwana biyu ranar Litinin, ko ka koma ga banda. Talatar kuma ita ce ranar da za ka samu mai hira da kai a gindin kwalekwale.

Daga hantsi zuwa azahar yi aikinka, lokacin ɗaki bai ɗumama ba. Abincin rana waakye, wato shinkafa da wakenmu ne da aka dafa da karan dawa har ya yi ja, sunan ma daga wake ya fito. Akwai tuwon zafi a zango. Amma ka daure ka koyi dokunun Fante, wanda ake naɗewa a ganyen ayaba, da soyayyen kifi da shito, wato soyayyen yajinsu. Ranar farko tsaminsa zai sa ka yamutsa fuska, ranar goma kai za ka aika a sayo. A gidajen abinci na cikin gari tambayi naman da ke miya, don ana sayar da alade da naman daji. Mahautan kasuwa kuwa galibi mutanen zango ne.

La'asar sakaliya ita ce ta yawo a gaɓa, ka sha ruwan kwakwa, ka dawo kafin magariba. Ba duk bakin ruwa ne mai tsabta ba, na kusa da unguwannin masunta ya kan sha shara. Brenu a yammacin Elmina da Anomabo a gabas sun fi daɗin zama.

Teku ba kududdufi ba ne

Ko ka iya iyo a Tiga, wannan ruwan wani abu ne dabam. Gaɓar tana da zurfi nan da nan, kuma akwai wata jijiyar ruwa da ke komawa ciki da ƙarfi, sau da yawa daidai inda ruwan ya yi kamar ya kwanta tsakanin igiyoyi. Yawancin wuraren babu mai ceto. Tambayi masunta inda ake shiga, kada ka wuce ƙugu, kada ka shiga kai kaɗai ko bayan duhu. In ta ja ka, kada ka yi kokawa da ita kana neman tudu kai tsaye, gajiya ce ke kashe mutum. Kwanta a kan ruwan, ɗaga hannu, ka yi iyo a gicciye, a layi ɗaya da gaɓa, har ka fita daga cikinta. Yara kuwa hannunsu a naka.

Wuraren kallo, ɗaya a mako

Kana da lokaci, kada ka haɗa su rana ɗaya. Ganuwar Elmina, katafaren ginin tsaro a bakin teku, 'yan Fotugal suka gina ta a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Turawan Ingila suka karɓa a 1872. Ta Cape Coast tana tsakiyar gari, wanda shi ne hedikwatar mulkin Ingila a ƙasar har 1877. Shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda aka tsare bayi ba abin da za ka yi sannan ka wuce cin kifi ba ne, musamman in ka tuna da yawa daga cikinsu daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin Salaga inda fatakenmu ke sayen goro. Ba wa wannan ranarsa shi kaɗai. Dajin Kakum, mai gadojin igiya a saman bishiyoyi, yana kimanin kilomita 30 arewa da gari. Je da safe a ranar aiki, kafin motocin 'yan makaranta su iso.

A satin ƙarshe, shanya komai rana biyu a jere kafin ka rufe akwati, in ba haka ba warin raɓa zai bi ka har gida. Sayi bandar tsaraba kwana ɗaya kafin tafiya, wadda ta bushe ƙayau, a naɗe ta a takarda ba a leda ba. Share kuɗin wuta da mai gida a gaban shaida, ka leƙa masallaci ka yi wa liman sallama, sannan ka gangara ka gaya wa mai kifinka kada ta ajiye maka na gobe.