Jar Fitila a Akwatin Faiba: Abin Yi Kafin Ka Kira Injiniya

'Yan'uwa mazauna Makka da Jidda, kullum sai wani ya turo mini hoton akwatin intanet, fitilar LOS ta yi ja. Ma'anarta hasken da ke bi ta zaren gilashin da ke cikin wayar faiba bai iso akwatin ba. Ga abin yi.

1. Cire akwatin daga wuta.

2. Bi siririyar wayar da ido, daga bango har akwati.

3. In ta lanƙwashe, warware ta a hankali. Gilashi ne a ciki, bai fi kaurin gashin kai ba. Wani maƙwabcina a Misfala kwana uku yana mita, ashe ƙafar kujera ce ta danne wayar.

4. Kama jikin koren filogin da ke ƙarshen wayar, ka zare shi daga akwatin a miƙe. Kada ka ja wayar kanta.

Hattara! Kada ka leƙa bakinta. Hasken leza ne, ba a ganinsa, amma yana lahanta ido.

5. Ɗiga barasar goge na'ura mai ƙarfin kashi 99 a ƙyalle marar gashi.

6. Goge farin bakin filogin sau ɗaya. Nan ake ɓata aiki: wani ya hura da baki, wani ya shafa a jallabiya. Ƙurar ƙasar nan ma ta isa, balle yawu.

7. Bari ya bushe.

8. Mayar da filogin har ka ji "ƙas". Koren filogi na shiga koren rami ne kawai, banda shuɗi.

9. Kunna wuta, ka ɗan jira.

In ja ɗin bai tafi ba, kira kamfanin da ya ba ka layi. Wayar da ta karye sai na'urar haɗi, salatif ba ya gyara ta.