Kafin ka aika takardunka INSEAD ko Harvard, ga yadda za ka auna kanka

Ƙannena da ke aiki a bankuna, kamfanonin waya da ƙungiyoyin agaji a nan Yamai sukan kawo mini takardunsu na neman shiga karatun MBA, wato mastar harkokin kasuwanci, a manyan makarantu irin su INSEAD da Harvard, su ce, "Yaya, duba mini, waɗannan makarantun za su ɗauke ni kuwa?" Ba na buɗe takardun a ranar. Sai in ce mutum ya je ya yi gwajin GMAT tukuna, wato jarrabawar da makarantun ke auna masu neman shiga da ita, ya dawo mini da makinsa. Shafin masu jarrabawar na ba da gwaji biyu kyauta. Ka zauna ka yi ɗaya da agogo, ba waya, ba shayi.

Jarrabawar kashi 3 ce, kowane minti 45: lissafi, fahimtar rubutu da hujja, sai nazarin alƙaluma, dukansu da Ingilishi ake yi. Tun 2024 makin daga 205 zuwa 805 yake. A tsohon ma'auni, matsakaicin makin waɗanda manyan makarantun nan ke ɗauka 700 ne zuwa sama, wato wajen 645 a sabon. In gwajinka na farko ya faɗo kusa da 555, ba abin tashin hankali ba ne, wata huɗu ko biyar na karatu kullum na iya ɗaga ka. In kuwa ƙasa da 500 ka samu, bana ba shekararka ba ce. Yawancinmu lissafin ba ya kayar da mu, musamman wanda ya yi bak C ko D. Ingilishin ne ke cinye lokaci: kana karanta tambaya sau biyu, agogo na tafiya. Makin GMAT na aiki shekara 5, na jarrabawar Ingilishi ta TOEFL ko IELTS shekara 2 kawai, saboda haka GMAT ɗin za ka fara yi. Ana iya yin ta daga gida ta intanet, amma kada ka sa ranarka cikin Afrilu ko Mayu sai kana da wurin da wuta ba ta ɗaukewa.

Daga nan sai shekarun aiki, domin su ke nuna ko ƙofar da kake bugawa taka ce. Ɗaliban MBA a waɗannan makarantu galibi sun yi wajen shekara 5 suna aiki. Wanda ya gama lisansi bara a Jami'ar Abdou Moumouni, mastar gudanarwa ta makarantun HEC ko ESSEC a Faransa ce daidai da shi, kuma can akwai jarrabawar TAGE MAGE da ake yi da Faransanci, makinta 600 ne ƙarshe. Wanda ya haura shekara 12 a ofis kuma, shirin manyan ma'aikata ya kamata ya duba.

Makin jami'a na tsorata mutane fiye da kima. Mai 13 bisa 20 ya ga Amurkawa na maganar 3.7 bisa 4 sai gabansa ya faɗi. Kada ka juya makinka da kanka zuwa ma'auninsu, rubuta shi yadda yake a takarda. INSEAD da HEC a Faransa suke, sun san 14 a tsarinmu ba wasa ba ne. In kana cikin na farko-farko a ajinku, nemi takardar da ta shaida haka daga makarantarku, ta fi kowane bayani.

Inda na fi daɗewa da mutum shi ne tambayar nan: me ya canza a wurin aikinka saboda kai? A nan ne takardunmu suka fi rauni. An koya mana mu jera muƙami da ayyukan da aka ɗora mana, kuma tarbiyyarmu ta hana mu cewa "ni na yi". Su kuwa masu tantancewa abin da suke nema ke nan. Ɗauki mutum biyu. Ɗaya mataimakin darakta ne, takardarsa ta ce yana "kula da harkokin abokan ciniki". Ɗayan ɗan Tawa ne, ba shi da babban muƙami, amma shi ya haɗa manoman albasa na Galmi suka gina rumbun ajiya, suka daina karyar da kaya lokacin girbi, ya kuma samo musu masu saye a Abijan da Akara. Ya san buhu nawa ke ruɓewa a da, nawa ne yanzu. In makinsu na GMAT ɗaya ne, na biyun zan sa wa kuɗina. Ka zauna ka rubuta abu uku irin wannan, kowane da adadi da sunan aikin. In ka kasa samun ko biyu, ƙara shekara a wurin aiki, ka roƙi a ba ka wani abu ka jagoranta.

Wasiƙar shaida kuma, don Allah a bar neman ta wurin minista ko Alhajin da ya san babanka. Biyu ake so, ɗaya daga wanda kake aiki ƙarƙashinsa kai tsaye, wanda zai iya ba da labarin ranar da abu ya cakuɗe ka warware shi. Babban suna da layi huɗu na yabo ba ya ƙara maka komai.

Zama ɗan Nijar na taimakawa, gaskiya ne. Makarantun na son aji mai mutane daga ƙasashe daban-daban, mu kuwa ba mu cika neman shiga ba. INSEAD ma na buƙatar harshe na biyu bayan Ingilishi, Faransancinka ya biya wannan. Amma fasfo ba ya cike gurbin maki 100. Harvard na ɗaukar wajen mutum 1 cikin 10 na masu nema, Stanford ba ta kai haka ba, saboda haka ko wanda komai nasa ya yi kyau kada ya tsaya kan makaranta ɗaya. Ni shawarata huɗu ko biyar, a ciki har da wadda makinka ya zarce matsakaicinta. CESAG a Dakar da Lagos Business School ba abin raini ba ne ga mai niyyar ci gaba da aiki a yankinmu.

Sai kuɗi. Karatun INSEAD na wata 10 ya kai wajen Yuro 100,000, sama da sefa miliyan 65, ban da ci da kwana. Tallafin karatu ya fi samuwa ga wanda ya nema da wuri, kuma zagayen farko na Harvard a Satumba yake rufewa, na biyu a Janairu. Ka kuma binciki maganar biza tun kafin ka biya kuɗin neman shiga: ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, don haka rubuta wa makarantar ka tambaye su inda ɗan Nijar zai kai takardunsa, da ko za su ajiye maka gurbinka zuwa shekara mai zuwa in bizar ta makara.