Kurakuran da sababbin masu kallon Non Non Biyori suke ta maimaitawa

Na gaji da tambayar "wai yaushe za a shiga labarin?" daga bakin duk wanda na tura wa Non Non Biyori, shirin zane mai motsi na Japan. Abin da ka gani a kashi na farko shi ne labarin. Ƙauyen Asahigaoka ne a Japan, makarantarsu ɗalibai biyar kacal a aji guda, daga Renge 'yar aji ɗaya har Suguru babbansu da ba a jin muryarsa, malamarsu kuwa barci take sha a gaban allo. Hotaru ta taso daga Tokyo ta shigo cikinsu. Mai jiran faɗa ko soyayya zai cinye kashi 12 na zangon farko na 2013 yana jiran gawon shanu.

Amma kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙara wa bidiyo gudu, ko tura shi gaba da yatsa duk inda aka yi shiru. Shi ya lalata mini kallona na farko, kuma kallon farko ba ya dawowa. A kashi na huɗu, lokacin hutun bazara, Renge ta samu ƙawa sa'arta, Honoka, wadda ta zo hutu gidan kakarta da kyamara a hannu. Kullum suna tare, suna zaga ƙauye suna ɗaukar hoto. Wata rana Renge ta je kiranta wasa, kakar ta ce ai ta koma birni. Daga nan aka tsayar da hoto a kan fuskar yarinyar, babu magana, sai kukan ƙwari. Aka daɗe. Bakinta ya soma rawa, sannan hawaye ya zubo. Ni kuwa ina gaggawar ganin na gaba, na tsallake wurin na faɗa kan kukan kai tsaye, ko a jikina. Don Allah ina za ka da wannan saurin? Waɗanda suka zana shirin a kamfanin Silver Link da gangan suka bar shirun nan, don ka zauna da yarinyar har abin ya sauka a zuciyarta. Kashi ɗaya bai kai rabin awa ba. In ba ka da wannan lokacin yau, bar shi sai gobe.

Ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne cinye zango guda a dare ɗaya. Shirin yana bin shekara ne daki-daki, daga furen bazara zuwa dashen shinkafa, zuwa kaka, zuwa ƙanƙarar hunturu. In ka haɗiye shi a zama ɗaya, duk lokutan sun cakuɗe. Ni kashi ɗaya nake kallo bayan isha'i, da shayi, waya ba ta karɓar saƙo.

Kada ka sauke bidiyo mai ƙaramin nauyi don tattalin data, gonaki da duwatsun da aka sha wahalar zanawa za su koma dishi-dishi. Sa abin ji a kunne, domin ƙarar ruwan rafi da sarewar Renge ba sa fita a lasifikar waya.

Sai masu ruɗewa da zango na biyu, Repeat na 2015, suna cewa an maimaita musu. Ba ci gaba ba ne, shekarar nan ce dai aka koma aka nuna ranakun da ba a nuna ba, shi ya sa za ka ga Renge tana shirin shiga makaranta. Sai a ƙarshen zango na uku, Nonstop na 2021, ake shiga sabuwar shekarar makaranta. Fim ɗin Vacation na 2018, inda suka je Okinawa, ka sa shi tsakanin Repeat da Nonstop.