Darasi na Tara: Zaɓen Fulogi ga Tsohon Injin Noma

Da farko ka san irin injinka. Manyan taraktocin da ke huɗa a fadamun Argungu da Suru gas suke sha, kuma injin gas ba ya aiki da fulogi mai ba da tartsatsi. Wannan darasi na injin fetur ne: tsohuwar tarakta ƙirar Ferguson mai ruwan toka wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1946, da ƙaramar tarakta ta hannu mai shan fetur, da injin ban ruwa da muke noman rani da shi.

Idan inji ya tsufa, yakan riƙa kashe fulogi. Manomi ya sayi sabo, kafin kasuwa ta zagayo ya sake mutuwa. Kada ka jefar da mataccen. Bari inji ya huce, ka kwance shi, ka kai shi haske ka dubi bakinsa da kyau.

In ka gan shi ruwan ƙasa, a bushe, lafiya lau yake. In ya yi baƙi ƙirin da busasshiyar kunkunniya mai kama yatsa, fetur ne ya fi iska yawa. Wataƙila an bar cok a rufe, ko ƙurar hunturu ta toshe filtar iska, ko kabureta na neman gyara. In kuwa baƙin jiƙaƙƙe ne, yana maiƙo, ga hayaki shuɗi-shuɗi yana fita, to baƙin mai ne ke haurowa saboda ringin fistan ya cinye.

Me ya sa wani fulogin ke jurewa, wani ba ya jurewa? Sai bakinsa ya kai zafin kusan digiri 450 yake iya ƙone dattin da ya hau shi da kansa. Akwai fulogi mai riƙe zafi, akwai mai saurin sakin zafi. Tsohon inji mai ɗan shan baƙin mai, ko wanda ake yawan bari a silo, mai riƙe zafin ya fi dacewa da shi.

A nan karatu ke da rana, domin lambar da ke nuna yadda fulogi ke riƙe zafi tana rubuce a jikin farin tangaran ɗinsa. A fulogin NGK, ƙaramar lamba ita ce mai zafi: BPR5ES ya fi BPR6ES zafi. A Champion da Bosch kuwa babbar lamba ce mai zafi. Ƙananan injunan ban ruwa irin Honda GX160 da BPR6ES suke zuwa. In naka yana yawan yin baƙi bayan ka wanke filta an kuma daidaita kabureta, sauka zuwa 5. Mataki ɗaya kawai. In ka zarce, bakin fulogin zai yi fari fat, wuta ta riƙa tashi kafin lokacinta, har ta iya huda fistan. Asarar fistan kuwa, ana tsakiyar ban ruwa shinkafa na ɗaukar ciki, ba ƙaramar asara ba ce.

Ina jaddada wannan: fulogi mai zafi tallafi ne, kamar tokare ginin da ya tsage. In ringi ya cinye, a ƙarshe sai bakanike ya sauya shi.

Ran da za ka kasuwa, tafi da tsohon a aljihu. Jera shi da sabon, ka tabbata tsawon gindinsu da kaurinsa ɗaya ne, domin wanda ya fi tsawo yana iya bugun fistan. Akwai jabu a kasuwa, saboda haka ka guji wanda rubutunsa ya dushe ko ya karkace. Tazarar bakin fulogi a irin wannan injin ban ruwa milimita 0.7 zuwa 0.8 ce.

Wajen ɗaurawa, fara murɗawa da hannu har ya zauna, sannan ka sa sifana. Sabo rabin zagaye ya ishe shi.