Kurakuran da sababbin masu kallon tsuntsaye ba sa gajiya da yi

Mu huɗu muka fara, a gindin bedin ƙofar gidana nan Daura: ni, da wani tela, da malamin firamare, da wani tsohon direba da ya fi mu duka ido. In an sallame asuba sai a ɗora shayi, a zuba ruwa a kasko, a zauna a ga wa zai fara saukowa. Yanzu samari sun soma zuwa, ina kuwa jin daɗin haka, amma bakina ya gaji. Duk sabon zuwa sai ya faɗa ramin da na gabansa ya faɗa. Shi ya sa na rubuta, wanda ya zo in miƙa masa.

Ƙananan dai tukuna. Mutum ya fito rana ta take, ya ce bai ga komai ba. Da me za ka gani? Tsuntsu kiwonsa daga fitowar rana ne zuwa wajen ƙarfe 9, sai kuma bayan la'asar. Ka sa rana a bayanka, in ba haka ba kowane tsuntsu baƙi ne. Farar shadda mai ƙyalli ka bar wa Juma'a. Madubin hangen nesa kada babbar lamba ta ruɗe ka, wanda aka rubuta wa 8x42 ya ishe ka, mai ninki 20 rawa kawai zai yi ta yi a hannu. Da hunturu kuma kada ka goge shi da bakin riga, ƙurar nan yashi ce, karce gilashi take. Ni hurewa nake fara yi, sannan in shafa da tsumma mai laushi.

Wanda ya fi yawa shi ne zaton tsuntsu riga ɗaya gare shi duk shekara. A watan Agusta, gero ya yi kai, namijin mulufi ja wur da baƙi, yana kumbura bisa kara kamar sabon ango. Janairu na yi ka neme shi ka rasa. Wani yaro ya zo mana da labari wai mulufi ya yi ƙaura. Direba ya nuna masa wasu 'yan tsuntsaye masu ruwan ƙasa da zane-zane, kamar gwara, suna tsince a ƙasa, ya ce, "Ga shi nan, ɗana. Bai je ko'ina ba, kayan sallah ya tuɓe." Haka zalaidu yake zubar da dogon wutsiyarsa in lokacin aure ya wuce.

Masu ƙaurar gaske daban ne. Shamuwa tana iso mana gab da damina, ta yi sheƙa cikin gari, ta yi 'ya'ya, ta ci fara da tsutsa, da kaka ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Tana tafiya baƙin Turai na shigowa, sun ƙetaro Sahara suna gudun sanyin can. Ko shirwa ba ɗaya ba ce: mai rawayan baki tamu ce ta Afirka, mai baƙin baki daga Turai take zuwa da rani. In ba ka duba baki ba, ka haɗa biyu ka kira su ɗaya. Maganin wannan a wurina littafi ne da biro, kwanan wata a sama, sannan abin da na gani da abin da yake yi. Masu son waya suna shigar da nasu a manhajar BirdLasser, don aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta. Aiki ne mai kyau, amma ni sai na rubuta a takarda hankalina yake kwanciya.

Yanzu ga wanda ya ci mini kuɗi da mutunci. Da sanyi ruwan Sabke da na Daberam sukan tara kirinjijiya da zalɓe da balbela, sai zumuɗi ya ɗebe ni wata safiya na hau babur ni kaɗai, na bi ta bayan wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba. Ban gaida kowa ba. Na ajiye babur, na laɓe bayan wata magarya, na kafa madubi ina ƙirga agwagi. Ashe can gefe mata na wanki, ni ko lura ban yi ba. Sai ji na yi an damƙe mini wuyan riga. 'Yan sintiri ne, su biyar. Garin kokawar ƙwace madubi ya faɗi kan dutse, ido ɗaya ya tsage, madubin da na yi wata shida ina tara kuɗinsa. Tun hantsi nake zaune a ƙasa a ƙofar gidan mai gari har aka kira la'asar, ana jujjuya littafina ana tambaya wannan lissafin na mene ne. Ka gaya wa mutanen da ke kwana da ido ɗaya saboda ɓarayin shanu cewa agwagi kake ƙirgawa, ka ga ko za su yarda. Sai da malamin firamare ya zo da wani dattijo da ya san mahaifina aka sake ni.

Kuma gaskiyarsu ce! Baƙo ya laɓe a daji da madubi yana rubuce-rubuce, a wannan zamani, me kake so a ɗauke shi? Abin da ke ba ni haushi, na ba samari wannan labari ya fi a ƙirga, amma har gobe sai ka ji wani ya ce ai minti goma kawai zai yi. To je ka yi. Ni yanzu ba na taka bakin ruwan kowa sai na sayi goro na fara zuwa wurin mai gari: "Ranka ya daɗe, tsuntsaye muka zo kallo." In miƙa masa madubin ya duba da idonsa, in roƙi a haɗa ni da yaro ɗaya. Yaron nan ma ya fi ka sanin inda fakara ke kwana. Katin shaida na aljihu, madubi kuma ba ya kallon gidan mutane, ko mata, ko shingen jami'an tsaro. Yammacin jiha, wajen Jibiya da dajin Rugu, ba na zuwa, ba na kuma ba kowa shawarar zuwa don tsuntsu.

Na biyun ya fi ciwo, don ba ni na biya ba. Wata mujiya mai farar fuska ta yi 'ya'ya huɗu a tsohon soron bayan gidana. Kusan wata biyu ina leƙa su da magariba, uwar na shigowa da ɓera a baki. Daɗi ya kashe ni, na ɗauki hoto na tura wa abokai a WhatsApp, na kuma ba da labari a majalisa. A makon nan ɗan wani maƙwabci ya kwanta da zazzaɓi. Da safe uban ya yi sallama, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Malam, tsuntsuwar nan ba za ta sake kwana a unguwar nan ba." Na yi bayani har na gaji, cewa ɓeraye take ci, zazzaɓi kuma sauro ke kawo shi. Kafin in dawo daga kasuwa yara sun hau da danƙo sun gama da ita. 'Ya'yan ko kwana uku ba su yi ba. Da kakar nan ɓeraye suka yi mini ɓarna a buhunan gero irin wadda ban taɓa gani ba.

Bakina ne ya kashe ta. Saboda haka in ka ga sheƙa, ka gani kai kaɗai. Kada ka ɗora hoto da sunan unguwa, kada ka nuna da yatsa yara na kallo. Balle ta ungulu, wadda masu tsibbu ke saye: tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma duk wanda ya san mahauta a da ya san yadda ta yi ƙaranci. Ko abokan shayina sai 'ya'ya sun tashi nake gaya musu.

Ɗan tsuntsu mai gashi da ka tarar a ƙasa yana tsalle, bar shi, uwarsa na kusa. Kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito, ba a yi a gabana.

Sai kasko. Da bazara, Afrilu zuwa Mayu, ba abin da ke jawo tsuntsu gida kamar ruwa, amma mutane sai su cika bokiti. Baiwar Allah da asisi ba su fi babban yatsa da yawa ba, nutsewa za su yi. Zurfin gaɓar yatsa ya isa, ka sa dutse a tsakiya, ka sauya ruwan kullum don kada ka yi kiwon sauro. Ka nisanta shi da gindin katanga inda kyanwa ke laɓewa. Gero ko tsaki za ka watsa, ba ragowar tuwo da miya ba. Kuma ka sayi naka kaskon, ni na uwargida na ɗauka, har yau ana yi mini gori.

Ita ɗin ma mun daɗe muna raina ta a wannan harka, mu muna waje da madubi da littafi, ita tana tsakar gida. Shekara uku a jere ita ke fara ganin shamuwa, tana shanya ta ɗaga kai. Bara da na shigo da murna zan ba ta labari, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Malam, ai tun shekaranjiya suke kan rimin masallaci, su biyu." Dole na koma na goge kwanan watan da na rubuta.